Ranar da tsohon faifai ya tsere wa sabon filash

Saura kwana tara a yi ƙaramar Sallah, Alhaji ya kira ni da hantsi. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba ya ce, "Injiniya, duk abin da kake yi ka ajiye ka zo. Kwamfutar nan taka ta tsayar mana da kasuwa."

Shagonsa na kayan masarufi ne a wajen kasuwar Singa ta Kano, sari yake bayarwa: taliya, sukari, madara, man girki, sabulu. Ni na rubuta masa 'yar manhajar da suke fitar da rasit da ita, kuma ta shekara biyu tana aiki a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba. Da na isa na tarar da layi har bakin titi. 'Yan dako sun jingine baronsu suna fifita da hula, ga azumi ga rana, masu sarin da suka zo daga ƙauyuka kowa riƙe da takardar odarsa yana leƙen kanta. Yaron da ke kan kwamfutar ya ce, "Oga, tsaya ka gani da idonka." Ya shigar da kayan wata mata, kala ashirin da wani abu, ya danna maɓallin ajiyewa. Komai ya daskare. 'Yar jar fitilar da ke jikin filash tana ta ƙifce-ƙifce ba ƙaƙƙautawa, ni kuma ina ƙirge a zuci. Na wuce ashirin kafin firinta ta motsa. A da wannan aikin ko sakan biyu ba ya ci.

Na san abin da ya canza, domin da hannuna na canza shi. Mako uku kafin nan Alhaji ya ce mini ba ya son lissafin dukiyarsa ya riƙa kwana a shago. Yana son in an rufe ya zare abinsa ya jefa a aljihu ya tafi gida da shi. Buƙata ce mai ma'ana, duk wanda ya san yadda gobara ke yi wa kasuwanninmu ba zai ga laifinsa ba. Sai na sayo filash, na kwashe fayil ɗin rumbun bayanan daga faifan kwamfutar, wato hard disk ɗin da ke cikinta, na mayar da shi can, na nuna wa manhajar sabon wurin. Har gwaji na yi kafin in miƙa: na kwafi wani babban bidiyo daga filash ɗin zuwa kwamfuta, ya wuce kamar walƙiya. A jikin kwalinsa an buga lamba da manyan baƙaƙe, megabait ɗari da wani abu a sakan. Tunanina a lokacin miƙaƙƙe ne: faifai yana da abin da ke juyawa, yana da hannu mai kai-kawo, filash kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa, lantarki ne zalla. Ta ina ƙarfe mai juyawa zai kamo lantarki? A makonnin farko ciniki bai yi yawa ba, oda kala uku, kala biyar, yaran suka ga ɗan jinkiri suka haƙura ba su faɗa ba. Cinikin Sallah ne ya tona asirin.

A tsaye na mayar da fayil ɗin kan tsohon faifan, minti biyar bai cika ba. Rasit ya dawo fita tar-tar, layi ya fara tafiya. Alhaji ya dube ni ya ce, "To Injiniya, ba kai ka ce mini wannan ƙaramin ya fi sauri ba?" Na ce, "Ni na faɗa, Alhaji. Ka ba ni zuwa gobe in gano inda na kuskure." Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin mutumin nan ya yarda da maganata ne ya ɗora kasuwarsa a kai.

Bayan an sha ruwa na zauna da filash ɗin da wata manhajar awo da ake kira CrystalDiskMark. Na sha amfani da ita, amma layin farko kawai nake duba, wanda ke nuna saurin karatu da rubutu a jere, wato in ana zuba babban fayil guda daga farkonsa har ƙarshe. A daren nan ne na fara kula da layin ƙasa, mai alamar 4K, wanda ke auna ƙananan gutsattsari masu kilobait 4 ana jefa su nan da can a warwatse. A karatun jere filash ɗin bai yi ƙarya ba, ya kusa lambar kwalinsa. A karatun warwatse ya ninka faifan wajen sau goma. Da aka zo rubutun warwatse sai na ga 0.02. Na ɗauka manhajar ce ta rikice, na sake. Haka dai. In ka raba wannan da kilobait 4, rubutu biyar ke nan a sakan guda. Tsohon faifan da nake rainawa, mai ƙara kamar injin niƙa in an kunna shi da safe, ya ba da kusan megabait ɗaya a wannan layin.

Washegari na ɗauki kwamfutata na nufi wajen maigidana, wanda a hannunsa na koyi gyara tun ina ɗan sakandare. Na nuna masa lambobin. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ka yi makarantar allo ai?" Na ce, "Na yi, Malam." Ya ce, "In ka rubuta allonka ya cika, tawada ta bushe, sai ka ga baƙi ɗaya a tsakiya bai yi daidai ba, za ka iya ɗora wani a kansa?" Na ce a'a, sai dai a wanke. Ya ce, "To filash allo ne. Karanta shi ba wuya, duk inda ka kai ido ka gani. Rubutu a kan wankakken wuri ma ba wuya. Gyara ne bala'i." Wannan maganar ita ta buɗe mini kai, duk abin da na karanta daga baya ƙarin bayani ne kawai a kanta.

Ga yadda abin yake. Ma'ajiyar filash, irin wadda ake kira NAND, an kasa ta shafi-shafi. A na da shafi kilobait 2 ne ko 4, na yanzu sukan kai 16. Shafuka masu yawa kuma sun haɗu sun zama bulok guda, wanda a da kilobait 128 ne, yanzu ya kai megabait da dama. Ana karatu shafi-shafi, ana rubutu shafi-shafi, amma ba a gogewa sai bulok sukutum. Shafin da aka riga aka rubuta kuwa ba ya karɓar sabon rubutu sai an goge shi. Karanta shafi ɗaya abu ne na 'yan gomomin mikrosakan, rubuta shi ɗaruruwa, goge bulok kuma ya shiga milisakan (mikrosakan dubu ne milisakan ɗaya, milisakan dubu kuma sakan ɗaya). Ko sunan nasa ma daga gogewar nan ya samo asali. Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, nau'in NAND ya bayyana a 1987, kuma abokin aikinsa Shoji Ariizumi ne ya ba shi sunan, saboda yadda ake share wuri mai faɗi a bugu ɗaya ya tuna masa hasken kyamara, wanda ake ce wa flash da Turanci.

To a cikin kowane filash akwai 'yar ƙwaƙwalwa da ke tsakanin kwamfuta da waɗannan shafuka. Ni magatakarda nake kiranta. In kwamfuta ta ce a gyara kilobait 4 a wuri kaza, magatakardan ne zai san dabarar da zai yi. Na filash mai araha ba shi da wurin ajiye dogon lissafi, don haka yakan yi aiki da manyan yankuna, sau da yawa masu megabait 4, kuma 'yan kaɗan yake iya riƙewa a buɗe lokaci guda. Muddin kana rubutu a jere cikin yankin da ya buɗe, lafiya lau. Da ka yi tsalle zuwa wani wuri, dole ya rufe ɗaya, kuma rufewar na nufin ya kwafe duk ragowar tsohon yankin zuwa wankakken wuri, ya wanke tsohon. A mafi muni, don gyaran kilobait 4 sai ya motsa megabait 4, ninki dubu da ashirin da huɗu na abin da ka sa shi. Fitilar da na ga tana ƙiftawa a shagon Alhaji, aikin da take nunawa ke nan: ana ta kwafe allo ana wankewa saboda baƙi ɗaya.

Wani injiniyan Linux mai suna Arnd Bergmann ya yi dogon bayani a kan wannan a 2011, har da 'yar manhajar da ya rubuta, flashbench, mai gano girman yankunan. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne cewa masu ƙera waɗannan kayan sun san wa suke ƙera wa. Kyamara da waya da mai kwafar waƙoƙi, duk manyan fayiloli suke zubawa a jere a kan FAT32, wani tsarin jera fayiloli a na'ura. An gina filash ɗin don wannan aikin, kuma yana yin sa yadda ya kamata. Ni ne na ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Shi kuwa faifai matsalarsa daban ce, kuma a bayyane take. Kamar faifan garmaho yake, yana juyawa, ga hannu mai allura yana zirga-zirga a samansa, sai dai ita wannan allurar ba ta taɓa shi, a kan iska take shawagi. Mai gudun 7200 a minti yana zagaye 120 a sakan, kowane zagaye milisakan 8.3. In an ce ya je wani wuri, hannun zai ci wajen milisakan 8 ko 9 kafin ya isa layin, sannan a jira wurin ya zagayo, a matsakaici rabin zagaye, milisakan 4 da ɗoriya. Jimilla wajen 12 ko 13, wato aiki wajen tamanin a sakan. In yana amfani da 'yar ma'ajiyarsa ta wucin gadi ya jera buƙatun bisa kusancinsu, yakan wuce haka a rubutu. Na laftof mai gudun 5400 ya fi haka nawa. Wannan ba sauri ba ne ko kaɗan, ƙasa da rabin megabait ne a sakan daga na'urar da ke iya zuba sama da ɗari a jere. Amma da hannun ya isa wurin, a kan tsohon rubutun yake ɗora sabo kai tsaye, domin maganaɗisu ba ya buƙatar wanki. Jinkirinsa sananne ne, yau da gobe duk ɗaya, ko faifan sabo ne ko ya shekara biyar. Tun RAMAC, na'urar faifai ta farko, ta kamfanin IBM a 1956, mai faya-fayai hamsin da ke ɗaukar haruffa miliyan biyar, wannan ɗabi'ar ba ta canza ba, gudun ne kawai ya ƙaru. Na fahimci cewa a wajen aiki, jinkirin da ka san iyakarsa ya fi sauƙin zama da shi a kan saurin da ba ka san lokacin da zai yanke ba.

Sai dai ba zan ɗora wa filash laifin duka ba, domin da na koma na duba manhajar da na rubuta, na ga nawa kason. Rumbun bayanan na SQLite ne, wata manhajar ajiye bayanai, kuma na rubuta shi ta yadda kowane kaya a cikin oda yana da tasa ajiyar daban: a rage shi daga sito, a ajiye, a ƙara shi a rasit, a ajiye, a rubuta a littafin ciniki, a ajiye. Kowace ajiya kuwa a tsarinsa na asali sai ya buɗe wani ɗan fayil na kariya, ya rubuta tsohon bayanin a ciki, ya jira na'ura ta tabbatar masa ya sauka, ya gyara babban fayil, ya sake jira, sannan ya share ɗan fayil ɗin. Kowane mataki kuma yana taɓa teburin FAT, mai lissafin inda kowane fayil yake, da ke can farkon filash. Ka ga tsalle ke nan tsakanin wurare uku ko huɗu a kan ajiya guda, ga ajiya sittin ko saba'in a odar matar nan. Su kansu masu SQLite sun rubuta a bayanansu cewa ajiya guda kan buƙaci zagaye biyu na faifai, shi ya sa a kan mai gudun 7200 ba za ka wuce wajen sittin a sakan ba, alhali in ka dunƙule aikin cikin ajiya ɗaya za ka shigar da layuka dubu hamsin ko fiye a sakan. Na karanta wannan tun da daɗewa, ban ɗauke shi da muhimmanci ba saboda faifan yana rufa mini asiri.

Na gyara. Oda guda, ajiya guda, komai yawan kayan. Na kuma kunna tsarin WAL da aka ƙara wa SQLite a 2010, wanda ke jera sababbin canje-canje a ƙarshen fayil ɗaya, daga baya ya kwashe su gaba ɗaya. Ko a kan tsohon faifan sai da yaran suka lura rasit ya ƙara sauri. Daga nan na fara ganin wannan dabarar a ko'ina. Ita ce Mendel Rosenblum da John Ousterhout suka gina tsarin fayil a kanta a farkon shekarun 1990, tun filash bai zama ruwan dare ba, don su rage wa hannun faifai yawo. Ita ce a cikin tsarin fayil na F2FS da Samsung suka fitar a 2012, ita ce a cikin rumbunan bayanai na LevelDB na Google da RocksDB na Facebook. Kowa ƙoƙarinsa ɗaya: ya tara rubutun warwatse ya mayar da shi na jere kafin ya isa na'ura. Duk ɗan tireda ya san wannan ba tare da kwamfuta ba. Da rana a takarda ɗaya yake jera duk bashin da aka ci, da dare ya zauna ya rarraba a shafin kowa.

Bayan wannan na yi wani kuskuren na daban, wanda ya ɗan daɗe kafin in fita daga cikinsa: na tsani duk wani abu mai filash a ciki. In mutum ya zo yana son a sa masa SSD, wato ma'ajiyar filash da ke maye gurbin faifai, a laftof sai in riƙa ja da baya. Maigidana ne ya sake dawo da ni hanya. Ya ce, "Kai yaro, allon iri ɗaya ne, magatakardan ne ba ɗaya ba." SSD na kirki yana riƙe da taswirar kowane ƙaramin shafi, sau da yawa a cikin ƙwaƙwalwar aiki tasa ta kansa, wajen megabait ɗaya a kan kowane gigabait. In aka ce ya gyara wuri kaza, ba ya taɓa tsohon shafin. Sai ya rubuta sabon a wankakken wuri mafi kusa, ya gyara taswira, ya yi wa tsohon alamar ya mutu. Rubutun da ya zo masa a warwatse, a jere yake sauka. Ga shi kuma yana da ƙwayoyin NAND da yawa da yake rubutawa a kansu lokaci guda. Wankin yana nan, amma a bayan fage yake yi in ya samu sarari. Shi ya sa SSD na yau da kullum ke yin dubun dubatar rubutun warwatse a sakan, inda faifai ke fama da ɗari. Su ma ba haka suka fara ba. Wasu masu araha na wajen 2008 sun yi ƙaurin suna da daskarewa na kusan sakan guda a kan ƙaramin rubutu, ciwo iri ɗaya da na filashin Alhaji. A shekarar ne Intel ya fitar da X25-M, wanda ya nuna wa kasuwa cewa a rubutun warwatse ake gane SSD na ƙwarai.

Akwai wani abu da gwajin minti biyar ba zai taɓa nuna maka ba, shi ma sai da na gani a wajen aiki. Sabon SSD duk allunansa wankakku ne, duk abin da ka jefa masa zai karɓa da gudu. Halinsa na gaskiya sai ya cika, lokacin da kafin ya rubuta sabo dole ya nemo bulok mai matattun shafuka, ya kwashe masu ran da ke ciki, ya wanke. In wurin da ya rage kaɗan ne, kwasar ta fi rubutun yawa. Wannan ne dalilin da za ka ga an rubuta 120 ko 240 a jikin wasu maimakon 128 ko 256: an ɓoye wani kaso don magatakarda ya samu wurin juyawa. Wannan ne kuma amfanin umarnin TRIM, wanda Windows 7 ta zo da shi a 2009, inda kwamfuta ke gaya wa SSD cewa fayil kaza an share shi, kada ya wahalar da kansa wajen kwashe shi. Android ta samu irinsa a 4.3 a 2013. Duk wanda wayarsa ta cika maƙil da bidiyon WhatsApp ya ga tana nawa ko wajen buɗe saƙo, wani ɓangare na ciwon ke nan. Yawancin na yanzu kuma, masu cusa bit (ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta) uku ko huɗu a gurbi guda, suna ware wani yanki su riƙa rubutu a cikinsa da bit ɗaya-ɗaya don sauri. In ka zuba abu mai yawa yankin ya cika, sai ka ga gudun ya faɗi warwas a tsakiyar kwafi. Tun daga lokacin in zan gwada na'urar da za a ɗora wa aiki mai nauyi, sai na cika ta tukuna, sannan in sakar mata manhajar gwaji mai suna fio ta yi ta rubutun warwatse na rabin awa ko fiye. Lambar da ta tsaya a kai a ƙarshe ita nake rubutawa. Kuma ba matsakaici kaɗai nake duba ba, ina duba rubutu mafi daɗewa, domin mai jiran rasit ba matsakaici yake ji a jikinsa ba, wannan daskarewar guda ɗaya yake ji.

Wankin nan kuma yana cin allon. Kowane gurbi yana da iyakar sau nawa za a goge shi: na farko-farko masu bit ɗaya wajen dubu ɗari, masu bit biyu 'yan dubbai, masu uku da huɗu ƙasa da haka. Da na bar rumbun Alhaji a kan filash ɗin nan, ba jinkiri kaɗai zai jawo ba, kowane ɗan rasit yana cinye masa rai ninkin-ba-ninkin. Ga kuma batun wuta, wanda a wajenmu ba abin da za a tsallake ba ne. In aka ɗauke wuta faifai na tsakiyar rubutu, galibi abin da ake rubutawa a lokacin ne ke lalacewa. In aka ɗauke ta magatakardan filash mai araha na tsakiyar kwashe yanki, bayanan da aka ajiye tun watan jiya ma suna iya shiga ciki, tunda su ma a hannunsa suke a wannan lokacin. SSD na manyan ma'aikatu suna da kafasito, ɗan abin da ke riƙe caji, a ciki da ke ba su 'yan milisakan su ƙarasa abin da suka fara. Na kasuwa mafi yawansu ba su da shi. Shi ya sa ba na haɗa wa kowa kwamfutar ciniki ba tare da UPS ba, ko da ƙarami ne da zai riƙe ta kafin a tayar da janareta.

Masu ƙera kayan ma sun san lambar jere ba ta wadatar ba. A tsarin ReadyBoost na Windows Vista, inda ake amfani da filash don ƙara wa kwamfuta sauri, Microsoft ba ta yarda da filash ba sai wanda ya ci jarrabawar aikin warwatse: megabait 2.5 a sakan a karatun kilobait 4, da 1.75 a rubutun kilobait 512. A katin memori kuwa, alamar 10 a cikin da'ira, ko U3, ko V30, duk alkawarin rubutun jere ne, megabait 10 ko 30 a sakan, don masu ɗaukar bidiyo. Sai a 2016 ƙungiyar SD ta fito da alamar A1, mai alkawarin karatun warwatse 1500 da rubutu 500 a sakan, a 2017 kuma A2 mai 4000 da 2000. In mutum ya zo mini zai sa memori a 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko zai ɗora manhajoji a kansa a waya, wannan 'yar alamar nake sa shi ya nema. Yawanci ba su taɓa lura da ita ba, kamar yadda ni ma ban lura da layin 4K ba shekara da shekaru.

Abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne yadda wasu faya-fayan suka koma halin filash. Don a ƙara musu ɗauka, akwai waɗanda ake rubuta layukansu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, ana kiran su SMR. Ba ka iya zare kwano ɗaya a tsakiya ba ka taɓa na kusa da shi ba, don haka gyara ƙarami yana jawo sake rubuta yanki babba. Suna da wurin tara ƙananan rubutu na wucin gadi, in ya cika sai gudun ya durƙushe. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano ana sayar da irinsu ba tare da an bayyana a jiki ba. Don ajiye hotuna da bidiyo ba su da laifi. Amma yanzu ko faifai zan saya wa mai rumbun bayanai sai na binciki lambar samfurinsa.

In abokin ciniki ya tambaye ni wanne ya fi sauri, nakan ce ya fara gaya mini aikin da zai yi. Manyan fayiloli zai riƙa zubawa, ko ƙananan gyare-gyare dubu a yini? Karatu ya fi yawa ko rubutu? In an ɗauke wuta a tsakiya, me zai rasa? Wasu sukan ƙosa, su ce su dai a ba su mai kyau. Nakan ba su labarin layin nan na bakin Singa, da 'yan dako a rana suna jiran fitila ta daina ƙiftawa.

Shi kuwa Alhaji bai janye buƙatarsa ba, kuma yana da gaskiya. Bayan Sallah na sa wa kwamfutar ƙaramin SSD mai gigabait 120, rumbun ya zauna a can, ko kashi ɗaya cikin goma na wurin bai ci ba. Na ƙara wa manhajar maɓalli guda mai suna "Rufe shago". In an danna shi sai ta kammala duk abin da ke buɗe, ta dunƙule rumbun ya zama fayil ɗaya mai kwanan wata, ta zuba shi a filash daga farko har ƙarshe, ta sake karanta shi ta tabbatar ya sauka daidai. Na ƙaro filash na biyu, ɗaya da jan zare ɗaya da kore, ana musanya su kullum. Na jan zaren shi ne dai wanda ya tsayar mana da kasuwa. Da magariba yaron zai danna maɓallin, fitilar ta ƙifta na 'yan sakanni ta tsaya, Alhaji ya zare ya jefa a aljihun gaba na rigarsa, ya ce a ja ƙofa.